Dutsen K2: iyakar da ta ratsa ƙololuwarsa, da 'yan dakon da suka kai mutane sama

Idan ka tambayi ɗan makaranta wane dutse yafi kowanne tsawo a duniya, kafin ka rufe baki zai ce maka Everest. Ka ce masa toh na biyu fa, sai ya fara sosa ƙeya. Na biyun shine K2, tsawonsa mita 8,611, Everest ya fishi da mita 238 ne kacal, amma a wajen masu harkar hawan duwatsu K2 ɗin ne ake kira da tsoro, don kafin 'yan shekarun nan lissafin da ake yi shine kusan duk mutum huɗu da suka taka samansa, akwai mutum ɗaya da ya bar ransa a jikin dutsen. Don ka gane girman abin, dutse mafi tsawo a Najeriya shine Chappal Waddi da ke Taraba kan iyakarmu da Kamaru, mita 2,419, kenan sai ka ɗora uku da rabi irinsa kan juna kafin ka kamo K2. Dala da Goron Dutse kam ba a ma sa su a lissafi.

Sunan ma abin dariya ne, kamar lambar mota. A 1856 wani bature ma'aikacin safiyo na Turawan Ingila da ke mulkin Indiya, Thomas Montgomerie, ya hau wani dutse a Kashmir mai suna Haramukh, ya hango wasu ƙololuwa biyu can nesa kimanin kilomita 200, ya zana su a littafinsa ya rubuta K1 da K2, K ɗin na nufin Karakoram, sunan jerin duwatsun yankin. Ƙa'idarsu a lokacin itace a nemo sunan da mutanen wurin suke kiran dutse dashi, K1 aka samu ana ce masa Masherbrum, shi kuwa K2 aka yi ta cigiya ba a samu ba, saboda ya ɓuya ne a bayan wasu duwatsun, ko daga Askole, ƙauye na ƙarshe kafin a shiga ƙanƙara, ba a hango shi. An so a laƙa masa sunan wani baturen safiyon, Godwin-Austen, ƙungiyar masana taswira ta Landan ta ƙi. Akwai masu cewa Chogori, wato babban dutse da yaren Balti, mutanen yankin, daga nan ma Sinawa suka samo nasu sunan Qogir, amma dai K2 ɗin ne ya zauna, har su kansu mutanen Balti suka mayar dashi yarensu suna cewa Ketu.

Toh sai maganar iyaka, wadda ita ce mutane da yawa basa kula da ita. Da aka raba Indiya da Pakistan a 1947, sarkin Kashmir Hari Singh ya sa hannu ya bi Indiya, mutanen Gilgit da ke arewa, waɗanda musulmi ne, suka ce basu san zancen ba suka yi tawaye suka bi Pakistan, a 1948 garin Skardu ma ya faɗa hannun Pakistan ɗin. Tun daga nan kudancin K2 yake ƙarƙashin Pakistan a yankin da yanzu ake kira Gilgit-Baltistan, Indiya kuma har gobe a taswirarta yankin nata ne. Ranar 2 ga Maris 1963 ministan harkokin wajen Pakistan Zulfikar Ali Bhutto da takwaransa na Sin Chen Yi suka sa hannu a Beijing kan yarjejeniyar iyaka, layin ya bi ta kan ƙololuwar K2 daidai, kwarin Shaksgam da ke arewa, sama da murabba'in kilomita 5,000, ya zama na Sin a lardin Xinjiang. A cikin takardar ma sun rubuta cewa in an warware rikicin Kashmir za a sake zama. Indiya ta ce Pakistan ta yi kyauta da kayan da ba nata ba. Kaga kenan wanda ya tsaya a saman K2 ƙafarsa ɗaya tana Pakistan ɗaya tana Sin, ga kuma ƙasa ta uku tana cewa duk inda ya taka nata ne.

Kada ka ɗauka hawan dutse wasa ne da babu ruwansa da siyasa. Duk wanda zai hau sai ya nemi takardar izini, kuma ƙasar da ta baka izini ai tana nuna wa duniya wurin nata ne. Gabas da K2 kaɗan akwai kogin ƙanƙara na Siachen, wanda yarjejeniyar tsagaita wuta ta 1949 bata ja layi a kansa ba, an tsaya a wata lamba ta taswira aka ce daga nan sai arewa zuwa ƙanƙara, don babu wanda yayi tunanin wani zai yi faɗa kan wurin da ko ciyawa bata fitowa. Pakistan ta riƙa baiwa baƙi masu hawan dutse izinin shiga wajen, Indiya ta lura, ita ma ta tura sojojinta da sunan hawan dutse, ƙarshe a watan Afrilun 1984 ta sauke dakaru ta kame wurin. Sama da shekara arba'in kenan sojojin ƙasashen biyu suna zaune a can sama, kuma sanyi da zaftarewar ƙanƙara sun kashe fiye da waɗanda harsashi ya kashe.

Zuwa gindin K2 kaɗai aiki ne. Daga Islamabad ka tafi Skardu, daga can ka shiga jif ta hanyar da rabinta gefen rami ne har Askole, daga nan kuma ƙafa ce, kusan mako guda kana tafiya, yawancinta kan kogin ƙanƙara na Baltoro mai tsawon sama da kilomita 60, har ka isa mahaɗar da suke kira Concordia, nan ne zaka fara ganin dutsen tsaye kamar an fere shi da wuƙa. Babban sansani yana kusan mita 5,000. Duk abin da za a ci, tanti, igiya, kananzir, tukwanen oksijin, komai a bayan mutum ko alfadari yake zuwa, kuma mutanen su ne 'yan Balti da 'yan Hunza, manoma ne masu ɗan gonar alkama da itatuwan 'ya'yan marmari, lokacin zafi na wata biyu zuwa uku su fito dako don su samu na cefanen hunturu.

Me yasa yake kisa haka? Na farko siffarsa, Everest yana da wurare masu ɗan shimfiɗa da mutum zai huta, K2 kuwa ta kowane ɓangare a tsaye yake, daga ka fara hawa har ka gama in ka zame ba abin da zai tare ka. Na biyu yana arewa da Everest da kusan digiri takwas, don haka yafi sanyi, kuma guguwarsa tana iya kwana da kwanaki bata lafa ba. Na uku iska, sama da mita 8,000 abin da huhunka ke samu na oksijin kusan kashi ɗaya cikin uku ne na wanda kake shaƙa a bakin teku, jiki baya sabawa da wurin sai dai ya riƙa mutuwa a hankali, ruwa na iya taruwa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, mutum mai hankali sai ya fara cire safar hannunsa yana surutai. Sai na huɗu wanda yafi duka, a hanyar da mafi yawan mutane ke bi, kimanin mita 8,200, akwai wani matsattsen kwararo mai gangara da suke kira Bottleneck, ma'ana wuyan kwalba, a samansa kuma wani ƙaton bangon ƙanƙara ne ya leƙo kamar bene mai hawa da yawa da ya tsage yana jiran faɗuwa. Dole ka bi ta ƙarƙashinsa, ka ratsa ta gefensa, awanni kana wurin, kuma ƙwarewarka bata da wani amfani a nan, in ya ga damar ɓallewa lokacin da kake ƙasa shikenan.

Gwajin farko a 1902 ne, Oscar Eckenstein da Aleister Crowley da abokansu, suka kai wajen mita 6,500 suka dawo. A 1909 wani ɗan sarautar Italiya, Duke na Abruzzi, ya gwada ta kudu maso gabas ya tsaya a kusan mita 6,250, ya ce wannan dutsen ba zai hawu ba, abin mamaki kuma hanyar da ya bari ɗin ita ce ta zama babbar hanya har yau da sunansa ake kiranta. Amurkawa suka karɓa a 1938 ƙarƙashin Charles Houston, ɗalibin likitanci a lokacin, suka kusa mita 8,000.

1939 ne aka fara zubar da hawaye. Fritz Wiessner, Bajamushe da ya koma Amurka, tare da wani Sherpa, wato 'yan wata ƙabilar Nepal da suka yi suna wajen dako a saman duwatsu, mai suna Pasang Dawa Lama, ba tare da tukunyar oksijin ba suka kai wajen mita 8,370, saura ƙasa da mita 250, yamma tayi, Wiessner yana so a cigaba cikin dare Pasang ya riƙe igiya ya ce a'a sai gobe. Goben bata zo ba, don a hanyar sauka takalman ƙusoshinsu suka faɗi. Da suka gangaro suka tarar an kwashe kayan kwanciya daga sansanonin ƙasa saboda an zaci sun mutu, ga kuma wani attajiri cikin tawagar, Dudley Wolfe, an barshi shi kaɗai a tanti can sama. Sherpa uku ne suka koma ɗauko shi, Pasang Kikuli da Pasang Kitar da Pintso, babu wanda ya dawo cikinsu, shi ma Wolfe sai a 2002 ƙanƙara ta fito da ƙasusuwansa a gindin dutsen. Ka riƙe wannan, mutum huɗun farko da K2 ya ci, uku 'yan aiki ne da suka je ceton mai gida.

A 1953 Houston ya dawo. Wannan karon babu Sherpa, waɗanda a lokacin daga Indiya ake ɗauko su, saboda bayan rabuwar ƙasa Pakistan bata maraba da masu zuwa daga Indiya, sai aka ɗauki 'yan Hunza, kaga yadda iyaka ta canza har wanda zai ɗauki kaya. Guguwa ta tsare su kwanaki a kusan mita 7,800, ɗayansu Art Gilkey jini ya daskare masa a jijiyar ƙafa, suka naɗe shi a tanti suna jansa ƙasa, ana cikin haka mutum ɗaya ya zame ya fizgi na kusa dashi, igiyoyi suka harɗe, mutum biyar suka tafi, sai Pete Schoening da ya kafe gatarin ƙanƙararsa a bayan wani dutse ya riƙe su duka har da mara lafiyan, mutum shida a hannun mutum ɗaya. Gilkey dai bai tsira ba, suna can suna kafa tanti suka dawo babu shi. Tulin duwatsun da suka tara don tunawa dashi yana nan kusa da sansani, yanzu an cika shi da faranta na ƙarfe da aka ƙwanƙwasa sunayen matattu a jiki. Ɗaya daga cikinsu, George Bell, shi ya ce wa 'yan jarida dutse ne mara imani mai neman kashe ka, sunan ya bi shi har yau.

Yanzu ga inda nake so mu ɗan zauna, 1954. Italiya ta fito daga yaƙin duniya a wulaƙance, Ingila ta ci Everest a 1953, su ma suna neman abin da zasu ɗaga kai dashi, aka haɗa tawaga ƙarƙashin wani farfesa mai tsauri kamar soja, Ardito Desio, da 'yan dako kusan 500. Tun da wuri suka rasa mutum ɗaya, Mario Puchoz. Ƙarshen Yuli aka zaɓi mutum biyu da zasu kai sama, Achille Compagnoni da Lino Lacedelli, amma tukwanen oksijin ɗinsu suna ƙasa, sai aka ce ƙaramin tawagar, Walter Bonatti ɗan shekara 24, ya sauka ya ɗauko, shi da wani ɗan Hunza mai suna Amir Mahdi, wanda ƙarfinsa sananne ne don shekara ɗaya kafin nan yana cikin waɗanda suka goyo Hermann Buhl, wani mai hawan dutse ɗan Ostiriya, daga dutsen Nanga Parbat. An yi alƙawarin inda za a kafa tanti na ƙarshe. Ranar 30 ga Yuli suka iso da kaya a baya, magariba ta yi, babu tanti a wurin, an matsar dashi sama can bayan wasu duwatsu masu wuyar bi. Suka yi ta kira, ƙarshe aka haska musu fitila aka ce su ajiye tukwanen su koma, a cikin duhu, a gangaren da ko da rana sai da dabara. Bonatti ya sare ɗan wuri a ƙanƙara da gatari, suka zauna a mita 8,100, babu tanti babu bargo, har gari ya waye, Mahdi da ko takalmin kirki na wannan tsayin ba a bashi ba ya kusa zaucewa don azaba, Bonatti ne ya riƙa danne shi kar ya faɗa.

Washegari 31 ga Yuli 1954 Compagnoni da Lacedelli suka sauko suka ɗauki tukwanen suka kai ƙololuwa, Italiya ta ɓarke da murna. Mahdi kuwa aka yanke masa yatsun ƙafa gaba ɗaya, yayi watanni a asibitin soja na Rawalpindi, ya koma ƙauyensu bai ƙara hawan dutse ba har ya rasu a 1999. Jaridun Pakistan sun yi ca a lokacin, sai aka lallaɓa maganar don kar ta ɓata tsakanin gwamnatoci, laifin kuma a hankali aka jingina wa Bonatti. Bayan shekara goma wata jarida a Italiya ta rubuta wai Bonatti ne ya so ya riga su kaiwa sama, wai ya shaƙe oksijin ɗin cikin dare shi yasa ya ƙare musu kafin ƙololuwa, wai kuma ya gudu ya bar Mahdi. Ya kai ƙara kotu ya ci, don hujjar a fili take, abin rufe hanci da bututun da ake shaƙa dasu suna tantin su Compagnoni, da me zai shaƙa? Daga baya wani likita ɗan Ostireliya, Robert Marshall, ya zaƙulo hoton da aka ɗauka a ƙololuwa, ga Compagnoni nan da abin oksijin a fuska. Duk da haka sai da aka shekara hamsin, a 2004, Lacedelli ya buɗe baki ya ce da gangan aka matsar da tantin don kar Bonatti ya shigo cikin masu kaiwa sama, ƙungiyar masu hawan dutse ta Italiya ta kafa kwamiti, a 2007 ta amince a hukumance cewa Bonatti ne mai gaskiya.

Ni abin da ke ci min rai a labarin nan, rigimar shekara hamsin ɗin duk akan mutuncin Bonatti aka yi ta, kuma ya cancanta wallahi, an zalunce shi. Amma shi ya sauko da yatsunsa cif, yana da alƙalami yana da lauya. Wanda ya bar yatsu goma a wurin an gama rigimar bayan yana kabari.

Bayan nan sai da aka shekara 23 kafin wani ya sake taka saman, wani ɓangare na dalilin kuma siyasa ce, Pakistan ta rufe yankin Baltoro ga baƙi shekaru da dama saboda zaman ɗar-ɗar da Indiya, sai a 1974 aka buɗe. A 1977 Japanawa suka zo da 'yan dako sama da 1,500, kamar ƙauye guda ya tashi, a cikin waɗanda suka kai har da Ashraf Aman, ɗan Pakistan na farko. 1978 Amurkawa suka samu abin da suka shekara arba'in suna nema, Louis Reichardt ma ya kai ba oksijin. Ta ɓangaren Sin kuwa sai 1982 Japanawa suka hau ta arewa, kuma har yau ba a cika bin can ba, don babu ƙauyuka babu 'yan dako, raƙuma ake ɗorawa kaya a tsallaka kogin Shaksgam, wanda in ƙanƙara ta narke da zafi yake cika ya tsare mutane.

1986 mutum 13 suka mutu a kaka ɗaya, biyar daga ciki guguwa ce ta tsare su kwanaki a tanti kusa da mita 8,000. A shekarar ce Wanda Rutkiewicz 'yar Poland ta zama mace ta farko da ta kai, ranar 23 ga Yuni. Mata biyar na farko da suka hau, uku a hanyar sauka suka mutu, biyun kuma wasu duwatsun suka cinye su daga baya, har aka fara camfin wai dutsen baya son mata, sai da Edurne Pasaban ta Sifaniya ta hau a 2004 ta koma gida ta cigaba da rayuwarta aka bar zancen.

Ranar 1 ga Agustan 2008 bangon nan da na faɗa maka ya nuna halinsa. Tawagogi da yawa suka haɗu rana ɗaya, aka yi kuskure wajen ɗaura igiya, aka ɓarnatar da ita a ƙasa inda ba a buƙata, da aka zo wuyan kwalba ta ƙare sai da aka koma aka kwanto, layi ya taru, wasu basu kai sama ba sai wajen takwas na dare. Suna sauka bangon ya ɓalle, ya tafi da Rolf Bae ɗan Norway a gaban matarsa, ya kuma tsinke igiyoyin, waɗanda ke sama suka zama kamar wanda ya hau rufi aka janye tsani. Mutum 11 suka mutu cikin kwana biyu, biyu 'yan Pakistan, Jehan Baig da Meherban Karim, biyu 'yan Nepal. A daren ne Chhiring Dorje Sherpa ya tarar da Pasang Lama babu gatari, ya ɗaure shi a ƙugunsa ya sauko dashi ta wuyan kwalbar nan babu igiya, abin da in bature ne yayi da yanzu kowa ya haddace sunansa.

Duwatsu 14 ne a duniya suka haura mita 8,000, kuma K2 ne na ƙarshe da aka iya hawa da hunturu. 'Yan Poland da Rashawa sun gwada tun daga 1987, ba wanda ya ko kai mita 8,000. Ranar 16 ga Janairun 2021 'yan Nepal goma, cikinsu Nirmal Purja da Mingma Gyalje Sherpa, daga tawaga uku daban suka haɗe, da suka rage 'yan mitoci suka tsaya suka jira juna, suka ƙarasa tare kafaɗa da kafaɗa suna rera taken ƙasarsu, don kar a ce wane ne na farko. Jikokin masu ɗaukar kaya ne suka rufe babin da kansu. Murnar bata daɗe ba, 5 ga Fabrairu Muhammad Ali Sadpara, gwarzon Pakistan wanda shi ma da dako ya fara kuma yana cikin waɗanda suka fara hawan Nanga Parbat da hunturu a 2016, ya ɓata a sama tare da John Snorri na Iceland da Juan Pablo Mohr na Chile. Ɗansa Sajid yana tare dasu, na'urar oksijin ɗinsa ta samu matsala a wuyan kwalba uban ya ce ya koma, da zafi ya zo ya dawo dutsen neman mahaifinsa, a watan Yuli aka ga gawarwakin.

Daga nan harkar ta koma kasuwa sosai. Kamfanonin Nepal suka shigo da tsarin Everest, a ɗaura igiya daga ƙasa har sama, a tara oksijin, kowane mai kuɗi a haɗa shi da Sherpa, ranar 22 ga Yulin 2022 sama da mutum ɗari suka kai ƙololuwa a yini ɗaya, cikinsu har da Samina Baig, macen Pakistan ta farko, alhali a da ana iya shekara biyu uku babu wanda ya kai ko ɗaya. Adadin masu mutuwa in an gwada da masu kaiwa ya sauka sosai, wannan gaskiya ne. Amma a cikin ma'aikatan ma akwai hawa-hawa, Sherpa na Nepal sun samu horo da kayan aiki da suna, wasunsu su ne masu kamfanin, ɗan dakon Pakistan na can sama kuwa sau da yawa kuɗinsa bai kai nasu ba, horonsa kaɗan, kayan sanyinsa abin da ya samu.

Haka aka je 27 ga Yulin 2023. Muhammad Hassan, ɗan shekara 27 daga yankin Shigar, mai 'ya'ya uku, yana cikin masu taimaka wa 'yan ɗaura igiya, bai saba da wannan tsayin ba kuma bashi da cikakkiyar rigar sanyin da ake sawa a wurin. Cikin dare a daidai ratsen da ke ƙarƙashin bangon ya zame ya rataya a igiya kai a ƙasa. An jawo shi an dawo dashi kan turba, wasu sun tsaya dashi, mai ɗaukar hoton tawagar Kristin Harila 'yar Norway ya daɗe a wurin yana bashi oksijin ɗinsa, amma babu wanda ya haɗa mutane aka ce a fasa hawa a sauko dashi, kuma bidiyon da jirgi mara matuƙi ya ɗauka da safe ya nuna mutane a layi suna tsallake shi suna wucewa sama. A ranar ce Harila da Tenjen Sherpa suka kammala duwatsu 14 cikin kwana 92, duniya ta yi mata ca, ita kuma ta ce sun yi iya ƙoƙarinsu kuma wurin ba a iya sauko da mutum.

Maganarta akwai ƙamshin gaskiya, turbar faɗinta bai wuce taku ɗaya ba, ƙasa rami sama bango, ɗauko mutum daga nan yana buƙatar ƙwararru da yawa kuma ana iya rasa wasu, sannan ɗora wa mace ɗaya laifin mutum gommai da suka wuce ai son zuciya ne. Amma ni tambayar da wani ɗan Ostiriya da ke dutsen a ranar, Wilhelm Steindl, yayi ita ce ta tsaya min, ya ce da bature ne kwance a wurin da an sauko dashi ko an gwada. A 1939 Sherpa uku sun hau sun mutu don attajiri ɗaya, a 1953 mutum bakwai sun bar ƙololuwa don abokinsu, kenan ba wai ba a taɓa gwadawa bane a wannan dutsen. Kuma kafin a zo kan waɗanda suka tsallake shi, akwai wanda ya ɗauke shi aiki ya tura shi mita 8,200 da kayan da bai kamata ba, shi kuma ya yarda saboda kuɗin sama yafi na ƙasa kuma mahaifiyarsa bata da lafiya.

Gawarsa ta shekara guda a wurin, ƙanƙara ta riƙe ta a gefen turba masu hawa suna wucewa. Ƙarshen Yulin 2024 wata 'yar Pakistan mai hawan dutse, Naila Kiani, ta haɗa 'yan dako 'yan ƙasar suka hau suka haƙo shi daga wuyan kwalba, suka sauko dashi har ƙasa, daga wurin nan da aka ce ba a iya sauko da mutum, jirgin soja mai saukar ungulu ya ɗauke shi, aka kai shi ƙauyensu Tissar aka yi masa sallah aka binne.